John Augustus, Badukun Da Ya Riƙa Tsaya Wa Masu Laifi

Jama'a, in an ce a kawo tarihin wani babban mutum cikin wannan mujalla ta Kwalejinmu, galibi a kan ɗauko sarki, ko mayaƙi, ko wani shaihin malami. To, ni yau baduku na kawo muku. Sunansa John Augustus, mutumin birnin Boston ne cikin ƙasar Amurka, sana'arsa kuwa ɗinkin takalma. Bai karanta shari'a ba, bai taɓa hawa kujerar alƙali ba, gwamnati kuma ba ta taɓa biyansa ko anini ba. Amma abin da ya soma da aljihunsa a shekara ta 1841 shi ne ya zama doka a ƙasashe masu yawa, har miliyoyin mutane suka kwana a ɗakunansu maimakon gidan kaso.

Bari in fara gaya muku abin da ya sa na shiga neman labarinsa. Sa'ad da aka tura mu koyon aikin koyarwa, an ba ni aji biyar a wata makarantar firamare. Ran nan kuɗin wata yarinya suka ɓace, aka bincika, aka same su cikin jakar wani yaro. Ya amsa laifinsa yana kuka. Hedimasta ya ce kora ce hukuncinsa, ni ma a raina na yarda da haka, gama ina tsoron kada a ce ɗan koyo ya kasa riƙe aji. Sai wani dattijon malami, wanda aka ɗora wa duba aikina, ya miƙe ya roƙi a bar masa yaron har ƙarshen zango, in ya sake yin sata a tuhume shi shi malamin. Hedimasta ya yi jim, sa'an nan ya yarda. Da muka fito na tambayi dattijon ko ba ya tsoron yaron ya kunyata shi. Ya yi murmushi, ya tambaye ni ko na taɓa jin labarin badukun Boston. Ban taɓa ji ba. Da na komo Kwaleji na shiga ɗakin littattafai na nema, ga kuwa abin da na samo.

An haifi John Augustus a shekara ta 1785 a wani gari da a ke kira Woburn, cikin jihar Masacusets, shekaru kaɗan bayan Amurka ta fita daga hannun Ingila. Ya koyi dukanci, ya kafa shagonsa a garin Lexington, sana'a kuwa ta karɓe shi. Mu 'yan Kwalejin horon malamai ya kamata mu riƙe sunan wannan gari, gama a can ne aka buɗe makarantar horon malamai ta gwamnati ta farko a Amurka, a shekara ta 1839, da ɗalibai uku tak. Amma kafin wannan lokaci Augustus ya riga ya kwashe kayan aikinsa ya koma Boston, babban birnin jihar. Ya buɗe shago ba nisa da kotun 'yan sanda, ya ɗauki ma'aikata, ya zauna da rufin asirinsa. Har ya haura shekara hamsin ba wanda ya san shi sai masu sayen takalma.

Boston gari ne na bakin teku. Jiragen ruwa suna shiga suna fita, baƙi suna ta kwarara neman aiki, giya kuma tana da araha. Kowace safiya a kan kora mashaya zuwa kotu kamar tumaki. Wanda aka tabbatar ya mai da shan giya ɗabi'arsa, sai a aika da shi wani gidan kaso da su ke kira Gidan Gyaran Hali, ya yi watanni. Sunan gidan dai ya yi daɗin ji, amma ku duba abin da ke faruwa. Ran da aka kulle mutum, ran nan aikinsa ya tafi. Matarsa da 'ya'yansa su shiga yunwa. A ciki kuma ya zauna da riƙaƙƙun ɓarayi, ya koyi abin da dā bai sani ba. In ya fito, ba mai ɗaukarsa aiki, tsofaffin abokan shansa kaɗai za su yi masa maraba. Kafin wata ya zagayo sai ka gan shi gaban alƙali kuma.

A shekara ta 1840 waɗansu mashaya shida a birnin Baltimore suka yi wa juna alkawari za su bar giya, suka kafa jam'iyya, suka sa mata sunan Washington, shugaban Amurka na farko. Ra'ayinsu shi ne, mashayi ya fi jin lallashi da taimakon ɗan'uwa bisa ga zagi da ɗauri. Jam'iyyar ta bazu nan da nan har ta kai Boston, Augustus kuwa ya shiga cikinta. Tun daga nan ya riƙa leƙa kotu yana kallon yadda a ke yi da waɗannan mutane.

Wata safiya cikin watan Agusta na 1841 yana kotu, sai aka shigo da wani mutum cikin tsummoki, duk ya lalace. Laifinsa shan giya, shaida kuwa ta kama shi sarai. Kafin a yanke hukunci Augustus ya matsa kusa ya yi magana da shi. Mutumin ya nuna masa cewa in dai za a cece shi daga gidan kaso, shi da giya har abada. Augustus ya dubi idonsa, ya ga kamar akwai sauran mutum a ciki. Sai ya roƙi alƙali a ba shi belinsa, a ɗaga yanke hukunci. Alƙali ya yarda, ya ce a komo da shi bayan mako uku. Mutumin ya sa hannu a takardar alkawarin barin giya, ya kuwa riƙe alkawarinsa. Ran da mako uku suka cika, Augustus ya rako shi kotu, tsaf da shi, cikin hankalinsa, har da ƙyar aka gane shi ne. Alƙali ya ji daɗi ƙwarai. Maimakon ɗauri sai ya ci shi tarar santi ɗaya, watau kashi ɗaya cikin ɗari na dala, da kuɗin shari'a. Duka duka dala 3 da santi 76 aka biya, mutum ya tafi gida.

Ku lura da dabarar da ke cikin wannan al'amari, gama a kanta aka gina dukan abin da ya biyo baya. Augustus bai ce mutumin ba shi da laifi ba, bai kuma nemi a share shari'a ba. Tsakanin ranar da aka tabbatar da laifi da ranar da za a yanke hukunci akwai ɗan fili, a cikin wannan fili ya yi aikinsa. Mai laifi yana waje, amma hukunci yana jiransa. In ya gyaru, alƙali ya sassauta. In ya ƙi, ɗaurin da dā ma za a yi masa yana nan bai tafi ko'ina ba. Augustus ya kira wannan lokaci da wata kalma da ta fito daga Latin, wadda Turawa ke faɗi furobeshan, ma'anarta gwaji. Mu kuwa muna da sunan da ya dace da abin, watau ɗaurin talala. Kowa ya san akuyar da aka yi wa talala: tana kiwo, tana kai da kawowa, amma igiya tana ƙafarta, turke kuma yana nan.

Gaskiya ne tun kafin Augustus alƙalai su kan saki mai ƙaramin laifi bisa alkawarin zai kiyaye. A Boston ɗin ma wani alƙali mai suna Peter Thacher ya yi haka tun wajen 1830. Amma a lokacin in an saki mutum, shi ke nan, ba mai bin sawunsa. Abin da baduku ya ƙara guda uku ne: bincike kafin a tsaya wa mutum, kulawa da shi bayan an sake shi, da komowa a ba alƙali labarin gaskiya.

Wajen bincike, ba kowa ya ke tsaya wa ba. Ya kan dubi shekarun mutum, da halinsa na dā, da irin gidan da zai koma, da mutanen da za su kewaye shi. Galibi waɗanda ya ke ɗauka masu laifin fari ne, waɗanda ya ga zuciyarsu ba ta ƙeƙashe ba tukuna. Wajen kulawa, ya kan bi mutum har gida, ya nema masa aiki, in ba shi da wurin kwana ya samo masa, wani lokaci ma a gidansa na kansa. Yana da ɗan keken doki da ya ke zaga gari da shi, daga kotu zuwa gidan kaso, daga can zuwa unguwannin matalauta. Wajen ba da labari kuwa, yana da littafi inda ya ke rubuta sunan kowa, da ranar da ya tsaya masa, da laifinsa, da yawan kuɗin beli, da yadda shari'ar ta ƙare. Saboda wannan littafi ne alƙalai suka amince da bakinsa, saboda shi ne kuma mu yau muka san yawan aikin da ya yi.

Da fari mashaya maza kaɗai ya ke tsaya wa. Ba a daɗe ba ya soma karɓar mata, har da waɗanda talauci ya jefa cikin karuwanci, waɗanda mutanen kirki na gari ba su ko son a gan su tare. A shekara ta 1843 ya soma karɓar yara. Na farkonsu 'yan mata biyu ne, ya da ƙanwa, ɗaya shekararta takwas, ɗaya goma, da wani yaro ɗan shekara goma sha ɗaya, dukansu ana tuhumarsu da sata. Ku tuna fa, waɗannan sa'o'in yaran da mu ke koya wa karatu ne a aji uku zuwa aji biyar. A zamanin nan ba a kafa kotun yara ba tukuna, gama ta farko a Amurka sai a 1899 aka buɗe ta a birnin Chicago. Yaro da babba layi ɗaya su ke bi. Augustus ya kan karɓi yaran, ya ga an sa su makaranta ko an ba su sana'a, ya roƙi alƙali ya riƙa ɗaga shari'arsu wata bayan wata, har a ga kamun ludayinsu. In lokaci ya yi, ya kwaso su ya kawo kotu gaba ɗaya, kowa ya gani da idonsa.

Kada ku zaci mutanen Boston duka sun yi masa godiya. Maƙiyansa na farko suna cikin kotun kanta. A lokacin a kan biya ma'aikacin da ya kai mutum gidan kaso wani ɗan kuɗi, bai kai dala guda ba, a kan kowane fursuna. Ashe ke nan duk wanda baduku ya cece shi, ya cire wa wani lomarsa daga baki. Saboda haka suka riƙa hantararsa, suna neman hana shi magana da waɗanda a ke tuhuma. Lauyoyin gwamnati kuma suka ce yana cika musu littafi da shari'un da ba su ƙarewa. Waɗansu jaridu suka zage shi, suka ce munafuki ne, riba ya ke ci, yana kuma ba ɓarayi ƙarfin gwiwa. Amsarsa a kullum ita ce, an kafa doka domin a gyara mai laifi a kuma tsare jama'a, ramuwar gayya ba aikin hukuma ba ce. Ya kan kuma nuna musu lissafi: wanda ke kurkuku jama'a ke ciyad da shi, wanda ke waje yana aiki shi ke ciyad da iyalinsa.

Batun riba kuwa, akasinta ya samu. Yana kotu tun safe, shago ba mai gida. Sau da yawa shi ke biyan tara da kuɗin shari'a daga aljihunsa, gama waɗanda ya ke tsaya wa ba su da ko sisi. Kafin shekaru kaɗan sana'arsa ta durƙushe, ya rufe shago. Daga nan waɗansu masu hali na Boston da suka ga amfanin aikin suka riƙa tallafa masa da gudummawa, shi kuwa ya ba da sauran ransa duka ga wannan hanya. A shekara ta 1852 ya buga ɗan littafi inda ya ba da lissafin aikinsa na shekara goma, domin masu taimakonsa su gani, masu zarginsa kuma su gani.

Ga abin da lissafinsa ya nuna. Zuwa shekara ta 1858 ya tsaya wa mutum 1,946, maza 1,152, mata 794. Kuɗin belin da ya ɗauka a wuyansa cikin waɗannan shekaru sun haura dala 200,000, shi da ba shi da ko shago. Cikin wannan taro duka, an ce goma kaɗai suka gudu suka bar shi da biyan beli. Amma mu yi adalci wajen karanta wannan adadi. Abin da ya nuna shi ne mutanen sun komo kotu ran da aka ce su komo. Bai nuna cewa kowane mashayi ya bar giya har mutuwarsa ba, gama barin mugun hali ba aikin mako uku ba ne. Mu kuma tuna shi ya zaɓi mutanensa da kansa. Duk da haka, mutum kusan dubu biyu waɗanda gari ya fid da rai daga gare su, su riƙe amanar baduku, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

John Augustus ya rasu a Boston ran 21 ga watan Yuni, 1859, yana da shekara saba'in da 'yan kai. Ya yi shekara goma sha takwas yana wannan aiki, bai kuwa ga ranar da ya zama doka ba. Sai a 1878, bayan shekara goma sha tara da rasuwarsa, jihar Masacusets ta yi dokar da ta ba magajin garin Boston iko ya naɗa ma'aikaci mai albashi domin duba waɗanda aka yi wa talala. A 1891 aka mai da naɗin a hannun kotuna. Sauran jihohi suka bi a hankali. Kotunan gwamnatin tarayya su ne suka makara. Wani alƙali a jihar Ohio, mai suna Killits, ya dakatad da ɗaurin shekara biyar da ya yanke wa wani ma'aikacin banki wanda ya ci kuɗi ya kuma mayar. Magana ta kai Kotun Ƙoli, a 1916 ta ce alƙali ba shi da ikon jingine hukunci har abada in majalisa ba ta ba shi ba. Wannan ya tilasta majalisa ta yi doka, aka sa mata hannu a 1925. Zuwa 1956 kowace jiha ta Amurka tana da dokar talala ta manya.

A Ingila ma irin wannan tunani ya tsiro. A shekarar nan ta 1841 wani alƙalin Birmingham, Matthew Davenport Hill, ya riƙa mai da yara masu laifi hannun iyayensu ko iyayen gidansu, yana rubuta sunayensu, yana sa a riƙa dubo su. A 1876 wani ma'aikacin ɗab'i mai suna Frederic Rainer ya aika da sule biyar ga jam'iyyar hana shan giya ta Ikilisiyar Ingila, ya roƙa a yi wani abu domin mashayan da ke kai da kawowa a kotunan Landan. Da wannan aka soma aika 'yan mishan kotu. A 1907 majalisar Ingila ta yi dokar da ta mai da aikin na hukuma.

To, yaya abin ya ke tafiya a yau? In kun duba za ku ga sawun baduku a kowane mataki. Bayan an tabbatar da laifi, a manyan shari'u ma'aikacin talala ya kan binciki tarihin mai laifi, da gidansa, da aikinsa, da ɓarnar da ya yi, ya rubuta wa alƙali. Alƙali ya duba nauyin laifin, da ko mutumin ya saba, da ko sakinsa zai zama hatsari ga jama'a. Akwai laifuffukan da doka ta rufe ƙofa a kansu, kamar kisan kai da gangan. A kotunan tarayya na Amurka, laifuffukan da ke aji biyu mafi nauyi ba a yi wa mai su talala, wanda kuma aka yi wa saboda babban laifi, wa'adinsa daga shekara ɗaya ne zuwa biyar. Wani lokaci alƙali ya kan faɗi yawan ɗaurin sa'an nan ya jingine shi, wani lokaci kuma ya jingine yanke hukuncin ɗungum, kamar yadda aka yi wa mutumin Augustus na farko. Kada a gama wannan da sakin da a kan yi wa fursuna bayan ya ci wani kashi na wa'adinsa. Wancan ya shiga ya fito ne, mai talala kuwa galibi an tare shi tun a bakin ƙofa.

Sharuɗɗan su ne igiyar. Kada ya sake karya doka. Ya riƙa zuwa wurin ma'aikacin da ke dubansa a ranakun da aka sa. Kada ya bar yankin sai da izini. Ya riƙe aiki ko makaranta. Bisa ga irin laifinsa a kan ƙara masa waɗansu: ya biya wanda ya cuta, ya yi wa jama'a aikin gayya na sa'o'i kaza, ya je a yi masa maganin shaye-shaye, a riƙa gwada shi ko ya sha, kada ya riƙe makami, kada ya kusanci wane.

Karya sharaɗi iri biyu ne. Akwai wanda ya sake yin sabon laifi, akwai kuma wanda ya saɓa wa ƙa'ida kawai, kamar ya ƙi zuwa ran da aka sa masa, ko ya yi tafiya ba izini. Ma'aikaci ya kan ja masa kunne, ko ya kai shi gaban alƙali. A wannan zama ba a neman shaida mai ƙarfi kamar ta shari'ar fari, galibi ya isa a nuna cewa zargin ya fi rinjaye. Alƙali yana iya yi masa gargaɗi, ko ya ƙara sharuɗɗa, ko ya tsawaita wa'adi, ko ya tsinke talalar ya aika da shi kurkuku. Amma ba a yin haka da ka. A 1973 Kotun Ƙolin Amurka ta ce tilas a saurari mutum kafin a soke talalarsa. A 1983 kuma ta ce ba a ɗaure mutum don ya kasa biyan tara sai an bincika, ko ƙin biya ya yi, ko kuwa ya yi iyakar ƙoƙarinsa babu ce ta hana shi.

A ƙarshen shekara ta 2021 manya kusan miliyan 3 ke cikin talala a Amurka, sun fi waɗanda ke kulle yawa. Amma yawan nan ya zo da nasa ciwo. Augustus ya san kowane mutum nasa da gidansa. Ma'aikacin da aka jibga wa mutane fiye da ƙarfinsa, da ƙyar ya wuce duba takarda da sa hannu. Sharuɗɗa kuma in sun yi yawa su kan zama tarko, har talaka ya koma kurkuku saboda rashin kuɗin mota, ba don ya cuci kowa ba. Igiya ba makiyayi, ƙarshenta ta harɗe akuya. A nan ƙasarmu Nijeriya, dokar tafiyad da shari'ar laifuffuka ta 2015 ta ba kotu ikon yin talala, da jingine hukunci, da sa aikin gayya. Dokar 2019 kuma ta sāke wa hukumar gidajen yari suna zuwa ta gyaran hali, ta kafa mata sashen kula da masu hukuncin da ba na kulle ba. Doka dai ga ta a takarda, aikinta kuwa sai da mutanen da za su bi sawu.

Tun ina ƙarami a makarantar mishan aka koya mana misalin itacen ɓauren da ya ƙi 'ya'ya, mai gona ya ce a sare, mai lambu ya roƙa a ƙara masa shekara guda. Dā abin da na riƙe shi ne roƙon. Sai da na karanta tarihin Augustus na lura mai lambun ya ɗauki alkawarin yin kaftu da zuba taki a shekarar, ya kuma yarda a sare in ba a ga amfani ba. Haka dattijon malamin nan ya yi da yaronmu. Ya je gidansu, ya tarar yaron ya kan zo makaranta ba karin kumallo. Ya yi magana da kakarsa. Ya sa shi ya roƙi gafarar yarinyar gaban aji, ya ɗora masa sharar aji na mako biyu, ya kuma ce kowace Juma'a ya zo ya same shi da littattafansa. Ya gaya masa a fili, in ya sake, shi da kansa zai raka shi ofishin hedimasta. Sau ɗaya yaron ya ƙi zuwa ran Juma'a. Malam bai kai ƙara ba, bai kuma yi kamar bai gani ba, ya bi shi gida da yamma. Har zango ya ƙare ba abin da ya sake ɓacewa a ajin, ran da na yi sallama kuwa yaron yana cikin waɗanda suka ɗaukar mini kaya zuwa tasha.

'Yan'uwana ɗalibai, ba da daɗewa ba kowannenmu zai tsaya gaban ajinsa, ya zama shi ne ɗan sanda, shi ne alƙali. Za a kawo mana yaron da ya yi sata, ko ya yi ƙarya, ko ya gudu daga makaranta. Akwai laifin da tilas a raba yaro da sauran domin a tsare su, Augustus ma ba kowa ya tsaya wa ba. Amma kora da bulala sun fi kome sauƙi ga malami, shi ya sa hannu ke saurin kai musu. Kafin mu kai, mu tambayi kanmu ko mun san gidan yaron, ko mun yanka masa wa'adi da sharaɗin da ya fahimta, ko kuma akwai cikinmu wanda zai sa sunansa a kansa ya bi sawunsa har wa'adin ya cika. Ni dai a karon farko na kāsa, dattijo ya yi abin da ya kamata in yi. Ina roƙon Allah in an sake kawo mini wani, ya ba ni zuciyar miƙewa. Allah ya taimake mu a kan amanar 'ya'yan mutane, amin.